Charles Lapworth, Malamin Makaranta Mai Karanta Duwatsu

Cikin mutanen da suka yi fice a ilmin duwatsu, wanda na zaɓa in ba 'yan'uwana 'yan makaranta labarinsa shi ne wani Bature, Charles Lapworth. An haife shi a garin Faringdon na ƙasar Ingila cikin 1842. Aikin malanta ya koya, a 1864 kuwa ya tafi Galashiels, a kudancin Sikotlan, yana koyar da yara. In an tashi daga makaranta sai ya ɗauki 'yar gudumarsa ya shiga tuddai. Ba a jami'a ya koyi wannan ilmi ba.

Duwatsu da yawa a shimfiɗe suke hawa-hawa, bisa ƙa'ida kuwa na ƙasa ya girmi na sama. Masana na lokacin suna zaton duwatsun wajen Moffat shimfiɗu ne birjik, masu kaurin gaske. Lapworth ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana duba burbushin waɗansu ƙananan halittun teku da suka daskare a ciki. Cikin 1878 ya nuna ashe 'yan kaɗan ne, ninke su aka yi kamar zane, shi ya sa ake ta sake gamuwa da su.

Amma babbar rigimar tana arewa maso yammacin Sikotlan. A can akwai duwatsun da ake kira Moine, waɗanda zafi da danniya suka sake wa kama, suna zaune bisa dutsen farar ƙasa wanda bai rikiɗa ba. Sir Roderick Murchison, shugaban ma'aikatar binciken duwatsu ta gwamnati, ya ce na saman su ne ƙanne, kamar yadda aka saba. James Nicol na jami'ar Aberdeen ya musa, aka ƙi sauraronsa har ya mutu a 1879. Ni dai a ganina girman Murchison aka bi, ba duwatsun ba.

A 1881 Lapworth ya zama shehun malami a kwalejin Mason ta Bamingam. Cikin 1882 da 1883 ya je bakin tekun Eriboll, ya yi ta zana taswirar kowane dutse filla-filla. Sai ya ga duwatsun Moine su ne tsofaffi, turo su aka yi daga gabas suka hau kan na baya, kamar a ja tsohuwar tabarma bisa sabuwa. Inda suka gogi juna dutsen ya niƙe ya zama siraran layuka, har ya raɗa masa suna mailonait, daga kalmar Girkanci mai nufin dutsen niƙa. Yanzu an san duwatsun Moine sun kai wajen shekara miliyan 1,000, turowar kuwa ta auku wajen shekara miliyan 430 da suka wuce, sa'ad da nahiyoyi suka yi karo, manyan tsaunuka suka taso. Tsagar ta yi kusan mil 120, daga Eriboll har tsibirin Skye.

Aikin nan ya ci lafiyarsa. Ciwo ya kwantar da shi a 1883, har an ce yakan yi mafarkin duwatsun suna niƙa shi. Archibald Geikie, shugaban ma'aikatar a lokacin, mai goyon bayan Murchison, ya aiki ma'aikatansa biyu, Ben Peach da John Horne, su auna wurin. Suka komo a 1884 da abin da Lapworth ya gani, dole Geikie ya sauko. Babban littafin da ya bayyana tarihin duwatsun nan ya fito a 1907, da sunan su Peach a kai.

Har wa yau shi ne ya sa wa wani zamani na tarihin duniya suna Odobishiyan, a 1879. Ya bar aiki a 1913, ya mutu a Bamingam cikin 1920. Gidan ajiyar duwatsu na jami'ar garin sunansa yake amsawa.