Charles Darwin: Mai kiwon tattabarun da auren zumunci ya hana shi barci

Da an ambaci Charles Darwin, abin da ke faɗo wa matasanmu a rai shi ne muhawarar asalin ɗan Adam da ake tafkawa a Facebook. Amma fa mutumin ya ƙarar da shekaru masu yawa ne tsakanin lambu da ɗakin tattabaru.

An haife shi a Shrewsbury ta Ingila a 1809. Mahaifinsa ya tura shi Edinburgh karatun likita, sai dai ganin yadda ake yi wa mutane tiyata ba maganin kashe zafi ya sa ya ajiye karatun. Daga baya ya kammala Cambridge, ya zagaya duniya a jirgin ruwa Beagle daga 1831 zuwa 1836.

A gidansa na ƙauyen Downe ya fara kiwon tattabaru a 1855. Yana haɗa jinsi da jinsi, yana auna ƙasusuwansu, har ya gamsu cewa duk bambancin launi da baki da wutsiyarsu, kakarsu ɗaya ce: tattabarar daji mai zama a duwatsu. Masu kiwo ne suka riƙa zaɓen wadda za ta yi ƙwai. Ya yi bayanin haka a littafinsa na 1868.

Sai kuma tsirrai. Shekara 11 yana gwaji da furanni da masara, ya ga waɗanda aka yi wa barbara da wata shuka galibi sun fi masu barbarar kansu tsayi da ƙarfi. Nan fa hankalinsa ya tashi, domin matarsa Emma 'yar kawunsa ce. Cikin 'ya'yansu 10, uku sun rasu suna ƙanana, ciki har da Annie da yake ji da ita, mai shekara 10. Ya nemi a sa tambaya kan auren zumunci a ƙidayar 1871, majalisa ta ƙi. Ɗansa George ya bi diddigin maganar a 1875, ya samu illar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Darwin ya rasu a 1882. Ko da abin ya taɓa gidansa, bai yanke hukunci da zato ba, sai ya nemi a ƙirga. Kai fa, kafin ka tura labarin da ya tsorata ka, ka bincika kuwa?