Emmanuel Ifeajuna: Zakaran Vancouver da ya harbe maigidansa

Ma'aikacin da ke fitowa daga Lugbe zuwa sakatariyar tarayya yakan wuce babban filin wasa na ƙasa, sannan ya faɗa tsakiyar birni, inda titunan Zakariya Maimalari da Abogo Largema suke. Akwai mutum guda da tarihinsa ya haɗa filin wasa da waɗannan sunaye biyu, shi ne Manjo Emmanuel Ifeajuna.

An haife shi a Onitsha a 1935, ya yi sakandare a Dennis Memorial Grammar School da ke garin. Yana ɗan shekara 19 ya wakilci Najeriya a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1954 a birnin Vancouver na Kanada. A wasan tsallen sama ya tsallake sandar da aka gitta a tsayin ƙafa 6 da inci 8, wato mita 2.03, da takalmi a ƙafa ɗaya kawai. Patrick Etolu na Yuganda ya zo na biyu, Nafiu Osagie na Najeriya na uku. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci lambar zinare a babbar gasa irin wannan, a lokacin da tutar Ingila ke kaɗawa a Legas. Hotonsa yana tsalle ya hau bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta, yara suka riƙa ganinsa kullum a cikin aji.

Bai ci gaba da wasan ba. Ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya karanta kimiyya, ya tsunduma cikin siyasar ɗalibai, ya yi abota da marubuta Christopher Okigbo da J.P. Clark. Da ya kammala sai ya koyar a wata sakandaren Anglican a Abeokuta. Alli bai riƙe shi ba; a 1960 ya shiga soja, ya sami horo a makarantar hafsoshi ta Mons a Ingila.

Zuwa farkon 1966 ya kai muƙamin manjo, kuma shi ne ke riƙe da ofishin Birged ta Biyu a Legas, ƙarƙashin Birgediya Zakariya Maimalari. Kujera ce ta amana, domin umarnin kwamanda ta hannun mai ita yake bi. A daren 15 ga Janairu, yayin da Manjo Nzeogwu ya auka wa gidan Sardauna a Kaduna, Ifeajuna ne ya jagoranci juyin mulkin a Legas. Maimalari ya kuɓuce wa waɗanda suka je gidansa a Ikoyi. A kan hanya ya hangi motar jami'insa, ya tsayar da ita yana zaton ceto ya zo, nan aka harbe shi. An kashe Laftanar Kanar Largema a otal ɗin Ikoyi. An ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta.

Masu kare hafsoshin Janairu sukan kawo hujjar ruɓewar siyasar wancan zamani. Ko da an karɓi hujjar, ba ta wanke wanda maigidansa ya nufo shi neman tsira ya saka masa da harsashi ba.

Da Janar Ironsi ya murƙushe yunƙurin, Ifeajuna ya tsere zuwa Ghana wurin Kwame Nkrumah. Zaman bai yi tsawo ba. Ya dawo gida aka tsare shi, har Ojukwu ya sake shi a Gabas. Ya rubuta nasa bayanin juyin mulkin, amma ba a buga shi littafi ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ya sa kakin Biyafara da muƙamin laftanar kanar, ya bi Victor Banjo a farmakin da suka kai jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967, wanda ya tsaya a Ore. Bayan sun ja da baya, Ojukwu ya tuhume su da shirya masa juyin mulki. A ƙarshen watan Satumba aka ɗaure Ifeajuna da Banjo da Philip Alale da Sam Agbam aka bindige su a Enugu. Shekarunsa 32. A ranar 4 ga Oktoba dakarun tarayya suka shiga birnin.