Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bagudo ko ta Illo ko ta Kaoje, ko kuwa ya gangara Lolo can bakin iyakar ƙasar Benin, ya sha karɓar takardar naira 20 a hannun masu ƙosai da 'yan tireda. A fuskar takardar nan akwai surar marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda ba mai bukatar a faɗa masa ko wane ne. In an juya bayanta kuwa, sai a ga wata mace tana aikin tukunya. Mun sha tambayar 'yan makaranta ko wace ce wannan, galibi sai su yi tsit, wani lokaci har malamin ajin ma ya sunkuyar da kai. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarinta, gama ba kullum a ke samun wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma jami'a ta kira ta ta ba ta digirin dakta.

Sunanta Ladi, watau wadda aka haifa ran Lahadi. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari. A zamanin nan Kwali tana ƙarƙashin Sarkin Abuja ne, cikin Lardin Neja; yanzu kuwa ta faɗa cikin yankin babban birnin tarayya. A ƙasar nan ginin tukwane aikin mata ne, kuma a gida a ke yinsa, tsakanin girki da ɗiban ruwa da reno, musamman da rani in an kau da amfanin gona. Ladi tana yarinya ƙarama ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Ba a biyan ko anini don wannan koyo. Yarinya takan fara ne da ɗauko yumɓu da tankaɗe garin tsingaro, tana zaune tana kallon hannun manya, har ran da za a miƙa mata curi a ce ta gwada.

Ya kamata mu ɗan dakata a kan yadda su ke ginin, don wanda bai san wannan ba ba zai gane inda gwanintarta ta ke ba. Maginiya takan kwaɓa yumɓu da garin tsofaffin tsingaro, don kada tukunya ta tsage a wuta. Sai ta ajiye curi guda, ta luma hannu a tsakiyarsa ta yi rami, ta riƙa jawo yumɓun sama daga ciki. In ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya mai kauri, ta ɗora a baki, ta shafe, ta ƙara wani bisa wani. Tukunyar tana nan wuri ɗaya ba ta motsi, maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Ba ma'auni, ba zare, ido ne kawai da tafin hannu, amma in randa ta tashi sai ka rantse da awo aka yi ta. Sa'an nan kafin ta bushe sarai a yi mata ado. A kan gangara ɗan guntun igiya tukakkiya ko ɗan itace mai tsaga a jikinta, ya bar sawu reras, a kuma tsaga zane da bakin wuƙa. In tukwane sun bushe, sai mata su haɗa nasu wuri ɗaya a bayan gari, kowa ta kawo abin da ta samu na kirare da busasshiyar ciyawa, a tula, a cinna wuta. Wutar mutum ɗaya ɓarnar itace ce, don haka tun asali sana'ar nan ta gayya ce: ramin yumɓu ɗaya, wuta ɗaya, kowa kuwa ta san tukunyarta da zanenta.

A wajen zanen nan ne Ladi ta yi wa tsararrakinta nisa. Takan raba jikin tulu gida gida da layuka, a cikin kowane gida ta sa wata halitta: kunama, ko ƙadangare, ko kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu. Ba ta zana su a wani wuri tukuna ta kwafa, daga ka ta ke fitar da su, hannunta kuwa ba ya rawa. Danginta sun ba da labari cewa tun tana budurwa sau da yawa a kan saye tukwanenta tun ba a kai su kasuwa ba.

Cikin masu sayen har da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944. Shi mutum ne da ya fito Kwalejin Katsina, ya kuma yi malanta kafin sarauta. Ya tara tulunan Ladi a gidansa don sha'awa. A nan ne wani Bature, Mista Michael Cardew, ya gan su a 1950. Shi Cardew maginin tangaran ne sananne a Ingila, almajirin Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana wannan aiki a ƙasar Gana tun ana kiranta Gwalkwas. Gwamnati ta ɗauke shi ya zagaya Nijeriya ya duba yadda za a kyautata ginin tukwane. Abin da ya faɗa wa Gwamnati ya cancanci a tuna da shi: ya nuna cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu, suna da araha, suna jure wutar murhu, ba su bukatar gyaran kowa. Abin da ya ga babu shi ne kwanukan ci da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli, irin waɗanda a ke kawowa daga ƙetare. Don yin waɗannan aka buɗe makarantar koyon ginin tangaran a Abuja a 1952, inda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma Sarki mai son abin. Kada masu karatu su ruɗe: Abujan nan ita ce garin da a ke kira Suleja yanzu, tun da aka ba sabon babban birni sunan.

Da fari maza kaɗai a ke ɗauka. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi shafa ruwan ƙyalli wanda a ke haɗawa da tokar itace da garin dutse, ta koyi gashi a cikin ginannen murhu mai rufi, inda zafi kan wuce digiri 1,200, abin da wutar ciyawa ba ta kusantarsa. Ta yi kwanuka da kofuna da faranta, takan tsoma su cikin ruwan farar ƙasa, sa'an nan ta karce zanenta da ƙayar beguwa. Amma ba ta bar ginin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunan Gwari da hannu, tana kewaya su kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun tangaran, a cike tsagar zanen da farar ƙasa, a rufe da ƙyalli mai duhu wanda zanen ke bayyana ta cikinsa. Waɗannan tuluna su ne suka kai sunanta duniya.

A nan akwai wata magana da ba za mu ɓoye ba. Kowace uwargida ta san dalilin da ya sa ruwan randa ke da sanyi: jikin randa yana tsattsafo kaɗan kaɗan, iska na busar da shi, sanyi na shiga ciki. To, tulun da aka shafe da ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ga shi da nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, ga tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Watau tulun ya ƙara kyau da ƙarko, amma ya tashi daga aikin tulu, ya koma abin ajiyewa a zaure a yi kallo. Masu sayensa kuwa galibi Turawa ne da manyan ma'aikata. Waɗansu masana suna ganin wannan hasara ce. Mu dai a namu ganin, ba a yi wa matan Kwali ƙwace ba, don sun ci gaba da gina nasu suna sayarwa, kuma ba don ƙyallin nan ba da tulunan Ladi da yawa sun farfashe tun tuni, kamar yadda na iyayenta suka farfashe ba wanda ya san sunan masu su. Amma gaskiya ce makarantar ba ta cika burin da aka kafa ta dominsa ba, na wadata gidajen talakawa da kwanuka. An buɗe rassanta a Sakkwato da Kano, ba su yi ƙarko irin na Abuja ba.

An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, aka yi ta rububinsa. A 1962 ta tafi Ingila da kanta, ta yi gini a gaban malamai da ɗalibai na makarantun zane. Waɗanda suka saba ganin tukunya na juyawa magini na zaune, sai ga maginiya na juyawa tukunya na zaune, cikin ɗan lokaci kuwa tulu ya tashi. Ta je Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. An ba ta lambar M.B.E. a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa a 1977. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar N.N.O.M., wadda a ke ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi, a 1981 kuma ta sami O.O.N.

Lambobin nan ba su ne suka fi jan hankalinmu ba. Mun san masu sana'a da yawa a ƙasar nan waɗanda in sun gano wani sirri, na rini ne ko na jima ko na saƙa, sai su shige ɗaki da shi, ko ɗan cikinsu sai ya yi da gaske, har mutuwa ta zo ta tafi da su da abin. Ladi a fili ta ke aikinta, a gaban duk wanda ya tsaya. Shigarta makarantar Abuja ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kowace da nata hannun, har aka keɓe musu wurin da su ke ginin hannu. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓe shi, ita kuwa tana nan, masu koyo na zuwa suna tafiya. A 1974 wata ɗaliba 'yar ƙasar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo daga Ingila ta zauna a Abuja ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Yau tana cikin mashahuran maginan duniya, da hannu kuwa ta ke gini har yanzu, kuma ba ta ɓoye inda ta koya. Ashe abin da wata tsohuwa ta koya wa yarinya a tsakar gida a Kwali ya ƙetare teku sau biyu.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya shafe mu, mu ma'aikatan ilmi. A jadawalin makarantunmu akwai sa'ar aikin hannu tun da daɗewa. Amma a wurare da yawa abin ya koma wasa: ƙarshen zango yaro ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kawo, malam ya ba shi maki, wani wurin ma kuɗin kawai a ke karɓa. Alhali a garin nan da makarantar ta ke, da wuya a rasa tsohuwa mai gina tukunya, ko mai saƙar faifai da tabarma, ko dattijo mai tukar igiya, waɗanda ba a taɓa gayyatarsu su zauna gindin bishiyar makaranta su nuna wa yara ba, don wai ba su da takardar shaida. Robobi da kwanonin ƙarfe sun riga sun ci rabin kasuwar magina, 'ya'yansu mata kuwa da yawa ba su koya. Da Ladi ta zo neman aikin koyarwa da ƙa'idar da mu ke bi, da magatakarda ya mai da ita tun daga bakin ƙofa. Malamin da ke Zagga ko Illo ba ya bukatar murhun Cardew ko izni daga hedkwata kafin ya aika a roƙi maginiyar unguwa ta zo ran Alhamis, yara su ɗebo yumɓu, a haɗa kirare a gasa abin da aka gina gaba ɗaya.

Cardew ya mutu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, haka kuma wani titi a birnin Abuja. Tulunanta suna ajiye a gidajen adana kayan tarihi na Landan da Washinton. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sa surarta a bayan takardar naira 20.