Malam Aminu Kano, Malamin Makaranta

An haifi Malam Aminu Kano ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufuti ne a kotun Alƙalin Kano, mahaifiyarsa kuwa, Malama Rakiya, mace ce mai ilimi, kuma a wurinta ya fara karatun Alƙur'ani. Daga nan sai aka sa shi makarantar boko ta Shahuci, ya zarce Midil ta Kano. A shekarar 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa. Ya gama a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

A Bauchi ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ya ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi. Tun a lokacin Malam Aminu bai tsayar da aikinsa a cikin aji kaɗai ba. Yakan tsara wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci da jahilci, yakan kuma jagorance su a ƙungiyar 'yan sikawut. Shi da abokansa sun riƙa taruwa suna tattauna al'amuran mulkin En'e, kamar haraji da aikin tilas da albashin ma'aikata. Wannan abu ne da ba a saba gani ba a wancan zamani, domin talaka ba ya tambayar sarki dalili.

A shekarar 1946 aka ba shi gurbin ƙaro ilimi na shekara ɗaya a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, inda Malam Abubakar ya riga shi zuwa da shekara guda. Ya tarar da birnin bai gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Gidajen da bama-bamai suka rusa suna nan, burodi ma sai da katin rabo ake samunsa, ga kuma matsanancin sanyin da aka yi a farkon 1947. Amma duk da wannan ƙunci, gwamnatin jam'iyyar Leba, wadda ta hau mulki a 1945, tana ta ƙoƙarin samar wa kowa magani da ilimi da muhalli. Malam Aminu ya lura cewa a ƙasar Turawan da ke mulkin Nijeriya, ɗan lebura yana zuwa makaranta kyauta, yana kuma iya zama ɗan majalisa. Ya ga mutane suna sukar shugabanninsu a fili ba tare da an ɗaure su ba. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasa masu ra'ayin kawo sauyi, da ɗalibai daga Afirka da Asiya, a daidai lokacin da Indiya take shirin karɓar 'yancinta, wanda ta samu a watan Agusta na 1947. Halin Mahatma Gandhi na sauƙin rayuwa da gwagwarmaya ba da makami ba ya yi masa tasiri ƙwarai.

A can Landan ne shi da sauran malamai 'yan Arewa suka yanke shawarar kafa ƙungiya tasu. Bayan ya dawo gida, sai aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a Zariya a shekarar 1948, aka zaɓe shi babban sakatarenta. Ƙungiyar ta nemi a kyautata albashin malamai, a gyara manhajar karatu, a kuma ƙara yawan makarantu.

Ba a daɗe ba aka naɗa shi shugaban makarantar horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato, wato cikin Jihar Zamfara ta yanzu. A nan ya jawo ɗalibai kusa da shi, ya ƙarfafa musu gwiwa su yi tambaya su kuma faɗi ra'ayinsu. Ya kuma damu da makarantun allo, yana ganin ya kamata a tsara su, a haɗa karatun addini da na zamani. Sai dai ra'ayoyinsa sun sa ya yi ta samun saɓani da hukuma. A lokacin nan aikin gwamnati shi ne babbar madogarar ɗan boko, kuma da ya yi shiru da ya kai babban matsayi. Amma a watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aiki, ya koma Kano, ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga watan Agusta na wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta.

Ko da ya bar aji, bai bar koyarwa ba. Ya bi garuruwa da ƙauyuka yana wayar wa talakawa da kai game da haƙƙinsu, alhali magoya bayansa suna shan duka da ɗauri. Ya goyi bayan makarantun Islamiyya, ya dage kan ilimin mata da ba su 'yancin jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu a zaɓen tarayya ba sai a 1979. Da watan azumi yakan yi tafsirin Alƙur'ani, gidansa na Gwammaja kuwa kullum a buɗe yake ga mai neman shawara ko taimako. An zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a 1959, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na sadarwa sannan na lafiya a zamanin Janar Gowon, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979. Duk da waɗannan muƙamai, bai tara dukiya ba.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga watan Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa. Daga baya an sa wa filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa sunansa. Gidan nasa, wanda ake kira Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Har yau idan Bakano ya ce Malam kawai a zancen siyasa, ba ya buƙatar ya ƙara wani suna.