Malam Abdulƙadir Ɗan Tafa, Masanin Falsafa na Ƙasar Sakkwato

Mutanen Tambuwal da Kebbe ba su bukatar a gaya musu ko wane ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna ribaɗi a Tambuwal. Amma kaɗan ne suka san labarin ɗan 'yar'uwarsa, Malam Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. Mun ga ya kamata mu kawo tarihinsa saboda malaman makaranta da akawuna masu marmarin karatun falsafa, watau binciken asalin abubuwa ta hanyar hankali, amma sun rasa ta inda za su soma. Waɗansu suna tsammani ilmin Turawa ne kaɗai, waɗansu kuwa suna tsoron ya raba su da imaninsu. Rayuwar wannan malami ta amsa duka biyu.

An haife shi cikin 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Mahaifiyarsa ita ce Hadiza 'yar Shehu, malama ce ita ma. Mahaifinsa kuwa Malam Mustafa, da ake kira Malam Tafa, yana cikin marubutan Shehu, shi ne kuma ya kafa makaranta a Salame, arewa da Sakkwato. Ashe yaron ya buɗe ido ne tsakanin alluna da littattafai.

Abin lura shi ne yadda karatunsa ya bi daki-daki. Ya fara da Alƙur'ani, sa'an nan lugga da nahawu, sa'an nan fiƙihu da tauhidi da hadisi da tafsiri. Kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu shi ya yi masa tarbiyya cikin sufanci. A kan wannan harsashi ne ya ɗora abin da malamai ke kira ilmin mutanen farko, watau manɗiƙi da hisabi da ɗibbu da falaki da hikima, waɗanda yawancinsu sun samo asali daga Yunanawa, aka juya su cikin Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa.

Yana da shekara wajen 20 ya rubuta Raulatul Afkari, tarihin sarakunan ƙasar Hausa, musamman Gobir. Wajen 1828 kuma ya wallafa Futuhatur Rabbaniyya, inda ya auna maganganun masu cewa babu kome sai abin da ido ke gani, ya yi bincike a kan ruhi da ƙarewar duniya da halin sammai. Bai zage su ba tun bai ji su ba. Sai da ya fahimci hujjarsu tukuna ya mayar da tasa. Ya kuma warware wuraren da suka yi wuya cikin Insanul Kamili na Abdulkarimul Jili, littafin da manyan malamai ma kan yi gumi a kansa.

Bayan rasuwar mahaifinsa sai ya riƙe makarantar Salame, sunansa ya kai nesa. Cikin 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Baturen Jamus Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sadu da shi, ya ƙaru da shi game da tarihin Sangai, ya kuma rubuta cewa a ganinsa babu wanda ya kai shi ilmi cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani.

Wajen 1855 ya rubuta Uhudu wa Mawasiƙu, inda ya jera alkawuran da ya ɗaukar wa kansa. Cikinsu akwai cewa zai gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, akwai kuma cewa ba zai kira mutane zuwa ga falsafa ba, ko da yake shi ya karance ta ya ware tsaba daga tsakuwa, don gudun kada wani ya ɓata ta dalilinsa. Mai karatu zai iya cewa, to, ai ya rufe ƙofa ke nan. Mu dai a namu ganin, wanda ya shekara talatin yana iyo shi ya fi kowa sanin zurfin kogi, kuma gargaɗinsa ya fi shafar wanda zai faɗa ciki ba shiri, ba jagora.

Saboda haka darasin da mai farawa zai ɗauka a fili yake. Da fari ya ƙware a harshen da zai yi karatu da shi, ko Larabci ko Turanci, domin wanda kalma ta gagara, ma'ana ba za ta zauna masa ba. Na biyu ya san addininsa sosai. Na uku ya koyi manɗiƙi, ma'aunin da ke raba hujja ingantacciya da gurguwa. Abdurrahmanul Ahalari, wanda kowane almajiri ya san littafinsa na tsarki da salla, yana da ɗan littafin manɗiƙi don masu farawa, sunansa Sullamu, ma'anarsa tsani. Na huɗu ya nemi malami, ya riƙi littafi guda ƙarami, ya sauke shi kafin ya taɓa wani. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ɗan Tafa ya rasu cikin 1864 yana da shekara 60. Yawancin littattafansa suna nan da rubutun hannu, suna jiran masu juya su cikin Hausa, aikin kuwa na 'ya'yan ƙasar nan ne. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu albarkacin ilminsa, amin.