Martin Lings: Baturen da ya yi wa rubutun Alƙur'ani hidima

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Martin Lings ta littafinsa na tarihin Annabi (SAW) wanda ya fito a 1983. Kaɗan ne suka san cewa ya yi shekara kusan ashirin yana kula da tsofaffin littattafan Larabci a Landan, kuma wannan aikin ne ya sa hannunsa ya faɗa da tushen ilimi.

An haife shi a garin Mancesta na ƙasar Ingila a 1909. Ya karanci adabin Turanci a jami'ar Oksfod, ya musulunta tun yana da ƙuruciya, ya ɗauki sunan Abubakar Sirajuddin. Daga nan ya zauna a Masar fiye da shekara goma yana koyar da wasannin kwaikwayon Shakespeare a jami'ar Alƙahira. A 1952 tarzomar ƙin jinin Turawan Ingila ta ɓarke, aka sallami malamai 'yan Ingila, shi ma ya koma gida ba aiki.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai, bai ji kunyar komawa aji ba. Ya yi digiri a Larabci a Landan, ya yi na uku a kan Shaihu Ahmad al-Alawi na Aljeriya, wanda ya rasu a 1934, har ya fassara waƙoƙinsa zuwa Turanci. A 1955 Gidan Tarihi na Birtaniya ya ɗauke shi aiki a sashen littattafan ƙasashen gabas, a 1970 ya zama shugaban sashen.

Aikin na mai haƙuri ne: a tantance zamanin takarda da tawada, a gane salon rubutu, kufi ne ko naskhi ko magaribi, a shigar da littafi cikin kundi yadda mai bincike zai same shi. A 1976, lokacin babban bikin baje kolin al'adun Musulunci a Landan, shi da abokin aikinsa Yasin Safadi suka shirya nunin Alƙur'anai na rubutun hannu. A shekarar kuma ya fitar da littafi a kan zayyana da rubutun Alƙur'ani, inda ya nuna cewa marubutan nan ibada suke yi da alƙalaminsu, ba ado kawai ba.

Da ya zo rubuta tarihin Annabi (SAW), bai tsaya ga abin da Turawa suka faɗa ba. Ya koma ga Ibn Ishaƙ da Waƙidi da Ibn Sa'ad, ya juyo ruwayoyinsu cikin Turanci mai daɗin karatu. Gwamnatocin Pakistan da Masar sun karrama shi a kan littafin, ko da yake wasu malamai sun yi masa gyara a kan waɗansu ruwayoyi masu rauni. Ya rasu a 2005 yana da shekara 96.

Mu ma muna da irin wannan amana. A gidajen malamanmu akwai Alƙur'anai na hannu da littattafan kakanni a cikin gafaka, gara da danshi suna cin su. Idan ba mu samu ɗalibai masu adana su da karanta su da fassara su ba, za su salwanta a hannunmu.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.