Labarin Hedlund, Gwanin Tseren Ƙanƙara

Bayan haka, ku sani ƙasar Suwidin tana can arewacin Turai, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni. Mutanenta kan ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su yi tsere suna zamiya.

An haifi Per-Erik Hedlund a garin Sarna cikin 1897. Sana'arsa saran itace a daji. Cikin 1928, a wasannin Olamfik na ƙasar Suwizalan, aka yi tseren mil 31. Ran nan rana ta ƙwalle, ƙanƙara ta soma narkewa, mazaje suka galabaita, amma shi ya riga na biyu isowa da minti 13.

A wannan shekara kuma ya shiga babban tseren ƙasarsu, mai nisan fiye da mil 50, shi da amininsa Sven Utterström. Suka ƙi tsere wa juna, suka iso tare. Alƙalai suka ba Hedlund na ɗaya. Sai aminan suka sa aka tsaga lambobinsu biyu, aka haɗa, kowa ya sami rabin ta ɗan'uwansa.

Ya rasu cikin 1975. Ƙarfi ya ƙare, labarin aminci ya wanzu. Tamat.